Yawan Lasifika ko Gwanintar Saiti: Sauti a Manyan Motocin Lantarki

A zamanin motocin fetur, in manyan kamfanoni za su yi wa juna gori, da inji suke yi: silinda nawa, ƙarfin doki nawa, wane irin ruri salansa ke yi in an taka totur. Motar lantarki ta zo ta rage wa wannan gori armashi. Injinta ba shi da wata murya da za a yi tinƙaho da ita, kuma ko mai matsakaicin kuɗi tana iya fizga daga tsaye yadda a da sai motar tsere. To mai sayar da motar da ta haura dala dubu ɗari, me zai nuna wa mai saye? Sai gasar ta koma cikin motar, kan kujeru da alluna, da uwa uba na'urar sauti.

Alƙaluman da ake jerawa a takardun talla sun isa su ruɗa mutum. Mercedes EQS, wadda ta fito a 2021, tana da na'urar Burmester mai lasifika 15 da ƙarfin wat 710. Porsche Taycan tana ba mai saye zaɓi, ko Bose mai lasifika 14, ko ya ƙara kuɗi ya samu Burmester mai lasifika 21 da wat 1,455. Tesla Model S da aka sabunta a 2021 tana da lasifika 22 da wat 960. Volvo EX90 da 'yar'uwarta Polestar 3 suna ɗauke da Bowers & Wilkins mai lasifika 25 da wat 1,610. BMW iX ta kai lasifika 30, i7 kuma ta haura haka, da ƙarfin wat 1,965. Lotus Eletre, a babban zaɓinta na KEF, tana da lasifika 23 da wat 2,160. Sannan ga Rolls-Royce Spectre, wadda kuɗinta zai sayi uku ko huɗu daga cikin waɗannan, ta tsaya a lasifika 18.

Wanda ya ɗauki wannan jeri a matsayin sakamakon jarrabawa zai ce Lotus da BMW ne a sama, Mercedes da Rolls-Royce na can ƙasa. Kunne ba zai yarda da shi ba, kuma akwai dalili.

A fara da wat. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙarfin sauti a miƙe. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, abin da ka ƙara desibel uku ne kacal, bambancin da za ka ji amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibel goma, wato an ninka wutar sau goma. Saboda haka tazarar da ke tsakanin wat 710 da 1,455, wadda a takarda ta yi kama da sama da ƙasa, a kunne ɗan taki ne. Kuma mai sauraro na yau da kullum ɗan ƙaramin kaso na wannan ƙarfi yake amfani da shi. Amfanin ragowar shi ne in ganga ta faɗo ba zato, amfilifaya ta ɗauke ta ba tare da sautin ya tsage ba. Wannan amfani ne na gaske, amma akwai inda yake tsayawa. Ga kuma wata matsala, kamfanoni ba sa auna wat da mudu ɗaya: wani ƙololuwar abin da na'urar za ta iya na ɗan ƙiftawar ido yake faɗa, wani kuma abin da za ta iya riƙewa na tsawon lokaci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yawan lasifika ma haka. Kowace lasifika da aka ƙara wata sabuwar kafa ce da sauti zai fito, ya iso kunne a lokacinsa daban, ya ci karo da na sauran. In an saita su da kyau, suna ba kowane fasinja nasa rabon. In ba a saita ba, sai su cakuɗa muryar mawaƙi har ka kasa nuna inda take fitowa.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne shirun motar, domin nan ne motar lantarki ta sha bamban da ta fetur. Injin fetur yana da wani ƙugi mai kauri da ke rufe ƙananan ƙararraki da yawa. Da aka cire shi, sai duk abin da yake ɓoyewa ya fito fili: gurnanin taya a kan kwalta, shewar iska a gefen madubi, siririn kukan injin lantarki da na'urar da ke juya masa wuta, ƙarar fankar iyakwandishan, har da ɗan kacau-kacau na robar ƙofa. Motar lantarki kamar farar riga ce, ɗigon manja kaɗan ya isa kowa ya gani. Kuma wannan ya shafi na'urar sautin kanta. Lasifikar da ke ɗan zuza a jikin ƙofa, wadda a motar fetur ba wanda zai lura, a nan tana iya ɓata wa mutum tafiya.

Taya ce babbar abokiyar gaba. Batir ya sa waɗannan motoci nauyi, da yawansu sun haura tan biyu da rabi, sai aka sa musu faffaɗan tayoyi masu tauri don su ɗauki nauyin. Iskar da ke cikin taya kuma tana da nata amo, wajen hez 200 zuwa 250, wanda ke bi ta ƙarafunan ƙafa ya shigo cikin mota. Wannan zango shi ne inda kaurin muryar namiji da jikin kayan kiɗa da yawa suke zaune. Wato ƙarar taya ba ta tsaya a damun kunne ba, tana cinye wani sashe na waƙar. Shi ya sa kamfanonin taya irin su Continental da Pirelli da Michelin suke manna soso a cikin tayoyin da suke yi wa irin waɗannan motoci, masu ƙera motocin kuma suke sa gilashi mai ruɓi biyu da wata 'yar roba a tsakiya. Mercedes ta bi ta wajen iska, ta yi wa EQS siffa mai santsi har ma'aunin turjiyar iskarta ya sauko 0.20, abin da ya sa wasu ke kushe kamanninta, amma kunne ya ci riba. Rolls-Royce kuma ta ce batirin Spectre, mai nauyin kimanin kilo 700, shi kansa katanga ce tsakanin titi da fasinja.

Akwai kuma dabarar kashe ƙara da ƙara. Ana dasa na'urorin jin girgiza kusa da ƙafafun mota, da makirufo a ciki. Kwamfuta tana lissafa irin ƙarar da ke shirin shigowa, sai ta sa lasifikokin motar su fitar da kishiyarta, in wannan ta tura iska waccan ta janye, su soke juna a daidai kunnen fasinja. Hyundai ta fito da irin wannan don ƙarar titi a Genesis GV80 a 2020, Tesla ma ta sa shi a Model S. Dabarar tana aiki sosai a kan ƙugi mai kauri mai ɗorewa, amma ba ta da ƙarfi a kan siririyar shewar iska ko bugun rami da ya zo kwatsam. Ma'anar wannan ga mai kwatanta motoci ita ce, na'urar sauti yanzu tana aiki biyu a lokaci guda, tana kiɗa tana kuma share fage wa kiɗan.

Shirun ma ana iya wuce gona da iri a kansa. Lokacin da Rolls-Royce ke ƙera Ghost ta 2020, wadda ma ta fetur ce, injiniyoyinta sun ce sun kashe ƙara har ta kai masu gwaji suna jin wani iri a ciki, sai da suka mayar da wani ɗan tattausan amo. Ɗan Adam bai saba zama inda babu motsin komai ba, musamman in idonsa na gaya masa yana gudu.

Bayan shiru sai saiti, kuma a ganina nan ne ake cin gasar ko a faɗi. In ana neman mummunan ɗakin sauraron kiɗa, da wuya a samu wanda ya kai mota. Ɗaki ne ƙarami, rabinsa gilashi mai mayar da sauti, rabinsa kujeru da kafet masu shanye shi, kuma ba wanda ke zaune a tsakiya. Direba ya fi kusa da lasifikar ƙofarsa da wajen rabin mita ko fiye. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka na kusa zai riga na nesa isowa da abin da bai kai kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Ka ce wannan ba komai ba ne, amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar sautin da ya fara isowa a matsayin inda abin yake, lamarin da Bajamushe Helmut Haas ya yi bincike a kansa bayan yaƙin duniya na biyu. Sakamakon shi ne mawaƙi da makaɗansa duk su tattare a ƙofar direba, wajen gwiwarsa.

Aikin mai saiti shi ne ya jinkirta lasifikar kusa, ya rage wani zango ya ɗaga wani, ya raba wa kowace lasifika iyakar abin da za ta faɗa, har muryar ta tashi daga ƙofa ta zauna a kan dashbod, a gaban mai sauraro, kayan kiɗa su jeru dama da hagu. Kuma ya yi haka ga kujeru huɗu ko biyar a lokaci guda, alhali abin da ya gyara wa direba yana iya ɓata wa na baya. Wannan aiki ne na awo da na kunne tare, kuma ba ya fitowa a takardar talla. Tunanin ya samo asali tun 1983, lokacin da Bose da General Motors suka fito da na'urar da aka saita don cikin Cadillac Seville takamaimai, maimakon a ɗauko rediyo da lasifika a cusa a kowace mota.

Sai maganar sunaye, wadda ke buƙatar a yi ta a fili. Mai saye yana ganin tambarin Bang & Olufsen a Audi e-tron GT, AKG a Cadillac Lyriq, Harman Kardon a BMW, Mark Levinson a Lexus, ya ɗauka kamfanoni huɗu ne ke fafatawa. Duk suna ƙarƙashin Harman ne, wanda ya sayi sashen motoci na Bang & Olufsen a 2015, shi kuma Samsung ya saye shi a 2017 a kan dala biliyan 8. A 2025 Harman ya ƙara da kamfanin da ke riƙe da Bowers & Wilkins. Dynaudio na Denmak, wanda BYD ke amfani da shi, tun 2014 yake hannun kamfanin GoerTek na Sin. Wannan ba ya nufin sunayen fanko ne. Kowanne yana da ɗanɗanon da ake saita shi a kai, da wasu kayan da aka san shi da su. Amma tambari iri ɗaya a motoci biyu ba alƙawarin sauti iri ɗaya ba ne. Burmester ɗin EQS da na Taycan suna ɗaya ne, na'ura daban, ɗaki daban.

In an duba yadda kowane gida ya tunkari lamarin, bambancin ya fi bayyana. Burmester, wanda Dieter Burmester ya kafa a Berlin a 1977, ya fito ne daga duniyar kayan sauti na falo masu tsada. A Taycan ya sa irin ƙananan lasifikokin nan masu naɗaɗɗen leda da ke matse iska maimakon tura ta, ƙirar Oskar Heil, waɗanda aka sani da saurin amsawa da fito da ƙananan bayanai. Sai dai Taycan motar gudu ce, tana ƙasa-ƙasa da faffaɗan tayoyi, don haka a babbar hanya tana da ƙarar da za ta yi kokawa da ita fiye da motar alfarma. A EQS lasifikokin ba su kai yawan haka ba, amma Mercedes tana da wata dabara da ta fara a motar SL a 2012: tana dasa lasifikokin kauri a jikin ƙarfen motar, gaban ƙafafun direba da fasinja, ramukan bodin su zama akwatinsu. Riba biyu ke nan, ƙofa ba ta karkarwa, kuma kaurin yana fitowa daga gaba tare da muryar, ba daga but ba.

Bowers & Wilkins na Ingila, da aka kafa a 1966, abin alfaharinsa lasifikokinsa ne da ake aiki da su a sitidiyon Abbey Road na Landan. A BMW yana amfani da ƙananan lasifikoki masu kan lu'ulu'un da aka ƙera a masana'anta, saboda taurinsu da rashin nauyi. A Volvo yana ɗora ɗaya a tsakiyar dashbod tana fuskantar mutane kai tsaye, don sautin kada ya fara dukan gilashi. BMW ta ƙara da lasifikoki a matashin kai, da wasu na'urori a cikin kujera da ke girgiza bayan mutum daidai da bugun kiɗa. Mercedes ma tana da irinsu a manyan motocinta. Ga mai kallon fim a kujerar bayan i7, gaban allonta mai inci 31, abin yana da ma'ana. Ga mai sauraron waƙa, ni dai ina ganin kwalliya ce da za a yi wasa da ita mako guda a kashe.

Sababbin kamfanonin Amurka sun bi wata hanya, suka ƙi biyan kuɗin tambarin kowa. Tesla da Lucid a gida suke tsara nasu, Rivian ma da ta fara da tambarin Meridian ta rabu da shi a 2023. Hujjarsu tana da ƙarfi: wanda ya zana ƙofa da dashbod shi ya fi cancanta ya zaɓi mazaunin lasifika tun farko, kuma tun da komai manhaja ce, ana iya gyara saitin ta intanet bayan an sayar da motar. Wannan kaifi biyu ne, domin sautin da ka saya kana so yana iya sauyawa da dare ba da shawararka ba. Kamfanonin Sin kuwa sun karya farashin abin gaba ɗaya. NIO ET7 ta zo da lasifika 23 da wat 1,000 a matsayin kayan da kowane mai saye zai samu, abin da a Jamus sai ka biya ƙarin dubban yuro.

Lucid Air ce motar farko da ta shigo da Dolby Atmos, a 2021, da lasifika 21. Fasahar ta fara ne a silima a 2012. Maimakon a raba waƙa zuwa dama da hagu kawai, mai haɗa sauti yana ajiye kowace murya da kowane abin kiɗa a wani gurbi a sarari, har da sama, na'urar motar kuma ta lissafa lasifikar da za ta fitar da shi. Mota ta dace da wannan fiye da falo, domin an san inda kowa zai zauna. A nan ne yawan lasifika yake da hujja ta gaske, musamman na rufi. Amma sai waƙar ta kasance an haɗa ta da wannan tsari, kuma an jawo ta daga manhajar da ke ba da shi, irin Apple Music ko Tidal, ta hanyar da motar ta yarda da ita. Mafi yawan waƙoƙin duniya ba a haɗa su haka ba. Abin da motoci ke yi musu shi ne su ƙirƙiro faɗin da babu shi a asali, wani lokaci ya yi daɗi, wani lokaci muryar ta yi nisa ta rasa jiki. Mai hankali zai nemi motar da ke barin sa ya kashe wannan.

Nan muka iso inda mai karatu na gida zai fi gane kansa. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. Bulutut na gama-gari bai wuce wajen 328 ba, waƙar da aka matse ta yi yawo daga waya zuwa waya kuma sau da yawa 128 ce ko ƙasa. Na'ura mai kyau ba ta rufa wa irin wannan asiri, tona shi take yi. Tsofaffin ɗaukar Mamman Shata da aka kwafo daga kaset zuwa waya za su fito da dukan shuuu ɗinsu a cikin i7, fiye da yadda za su yi a tsohuwar tasi. Ga kuma abin da masu talla ba sa ambata: Tesla da BMW da Volvo da wasunsu sun cire rediyon matsakaicin zango daga motocinsu na lantarki, saboda injin da wayoyin wutar suna yi masa kutse. A Amurka abin ya kai ga majalisa a 2023, Ford kuma ta janye niyyarta ta cirewa. Wanda ya saba kama tashoshin matsakaicin zango a doguwar tafiya, inda FM ba ta kaiwa, ya tambaya kafin ya biya.

Masu tsoron kiɗa zai shanye batir su kwantar da hankalinsu. Amfilifayoyin zamani ba sa ɓarnar wuta, kuma abin da suke ja bai taka kara ya karya ba kusa da iyakwandishan, balle injin da ke jan motar. Sautin bogi na inji kuwa, irin wanda mai tsara kiɗan finafinai Hans Zimmer ya tsara wa BMW, ta lasifikokin nan yake fitowa, kuma ana iya kashe na cikin motar. Na waje ne doka ta tilasta, a Tarayyar Turai tun 2019, don masu tafiya a ƙasa su ji motar in tana tafiya a hankali.

To ta yaya za a gwada? Ba a ɗakin baje koli ba, inda motar ke tsaye kuma dillali ya zaɓi waƙar da ya san tana burgewa. A hau titi, a kai gudun babbar hanya, a bi ta kwalta mai kaushi. A mayar da duk saitin kauri da siranta tsakiya, a kashe ƙarin faɗi. A sa abin da kunne ya haddace. Muryar mutum ita kaɗai, karatu ko labarai, ita ce gwajin da ya fi wuya a yi wa maguɗi, domin kowa ya san yadda murya take: tana gabanka ko tana ƙofa, tana da jiki ko ta hanci take fita? Sannan a sa kalangu, a ji ko ana bin hawa da saukar muryarsa ko ya zama bugu kawai. A rage sauti ƙasa sosai a ga ko waƙar na nan da cikarta, domin na'ura mai rauni sai an ƙure ta take rayuwa. In kuma mai motar a baya yake zama, to a baya za a yi gwajin.

In aka matsa mini in yanke hukunci, zan raba shi gida biyu. Ga motar da ke tsaye ko tafiya a hankali, manyan na'urorin Taycan da i7 da EX90 suna da kayan aikin da za su nuna fifikonsu, kuma zaɓi tsakaninsu ɗanɗano ne. Ga motar da ke gudu, wadda ita ce motar gaske, zan fifita mai shiru da lasifika 15 ko 18 a kan mai hayaniya da 30, kuma da wannan ma'auni EQS da i7 da Spectre sun shiga gaban motocin gudu irin Taycan da Eletre tun kafin a kunna komai. Sai dai wannan fifiko yana da sauƙin zubewa. Tayoyin motar lantarki suna saurin cinyewa saboda nauyi da fizga, kuma ranar da aka sauya masu soson nan da na gama-gari don sun fi araha, ƙugin hez 200 zai dawo ya zauna a kan muryar mawaƙi, ko wane tambari ne a jikin ƙofar.